Hazel Scott: Gwanar fiyanon da jerin sunaye ya raba da matsayinta

Ranar Juma'a, 22 ga Satumba 1950, wata mace baƙar fata mai shekara 30 ta zauna gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka a birnin Washington. Babu wanda ya aika mata sammaci, ita ce ta nemi a saurare ta. Mijinta, wanda shi ma ɗan majalisar ne, ya shawarce ta da kada ta je, amma ta ƙi. Wata uku kafin wannan rana, sunanta ya fito a wani ɗan littafi da ya jera mutum 151 da aka ce suna da alaƙa da 'yan kwaminis, don haka ta ƙudurta sai ta wanke kanta a bainar jama'a. Mako guda bayan zaman, gidan talabijin ɗin da take yi wa aiki ya soke shirinta.

Sunanta Hazel Scott. A lokacin tana cikin makaɗan fiyano mafi suna da samun kuɗi a Amurka. Ba a taɓa gurfanar da ita gaban alƙali kan wannan zargi ba, ba a kuma taɓa kawo hujjar cewa ta karya wata doka ba. Duk da haka, cikin kwana bakwai ta rasa matsayin da ta shafe shekara ashirin tana ginawa. Yadda aka yi hakan, da waɗanda suka taimaka aka yi, shi ne ya sa tarihinta ya cancanci karatu a wurin duk matashin da ya damu da 'yancin faɗar albarkacin baki.

Yarinyar da yatsunta ba su kai ba

An haifi Hazel Dorothy Scott ranar 11 ga Yuni 1920 a Port of Spain, babban birnin Trinidad, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila kamar Najeriya. Mahaifinta, Thomas Scott, malami ne ɗan asalin Afirka ta Yamma da ya je tsibirin daga Liverpool. Mahaifiyarta, Alma Long Scott, makaɗiyar fiyano ce kuma malamar kiɗa. Tun tana shekara uku Hazel ke kaɗa duk abin da kunnenta ya ji ba tare da an koya mata ba. A 1924 ta koma New York tare da mahaifiyarta da kakarta, suka zauna a Harlem, unguwar da ta zama cibiyar adabi da kiɗa da siyasar baƙaƙen fatar Amurka.

Tana shekara takwas mahaifiyarta ta kai ta makarantar kiɗa ta Juilliard, wadda a lokacin ba ta karɓar ɗalibi sai ya kai shekara 16. A gwajin da aka yi mata ta kaɗa wani kiɗa mai wuya na Rachmaninoff, mawallafin kiɗa ɗan Rasha. Da yake tafin hannunta bai isa ya buɗe ya kai wasu madannan a lokaci guda ba, sai ta sauya su da waɗanda yatsunta za su kai, kiɗan kuma bai lalace ba. Wani farfesa na makarantar ya ɗauke ta yana koyar da ita shi kaɗai.

Makaranta ta biyu kuwa a gida take. Alma ta koyi busa ta kafa ƙungiyar makaɗa ta mata zalla domin ta ciyar da iyalinta, gidansu ya zama matattarar manyan masu jaz irin su Art Tatum da Fats Waller da Lester Young da Billie Holiday. Da rana Hazel na koyon kiɗan Turai na gargajiya daga takarda, da dare tana kallon yatsun mutanen da suke ƙirƙirar kiɗa nan take. Tana shekara 16 ta samu shirin rediyo, a 1938 kuma ta hau dandalin Broadway.

Kiɗan leburori a zauren manya

Domin a gane abin da Hazel ta yi da fiyano, sai an san bugi-wugi. Salon kiɗa ne da ya taso a ƙarshen ƙarni na 19 a sansanonin masu saran katako na jihar Texas da maƙwabtanta, inda leburori baƙar fata ke taruwa da dare a kewayen tsohon fiyano. Hannun hagu na maimaita bugu takwas a kowace gaɓa ba tsayawa, kamar yadda masu kalangu ke riƙe wa Mamman Shata kiɗa, hannun dama kuma na yawo a sama yana ƙirƙira, kamar bakin mawaƙin. Mutum ɗaya ne ke yin aikin ganga da na waƙa a lokaci guda.

Magabatan wannan salo ba su ci moriyarsa sosai ba. Pinetop Smith, wanda faifansa na Disamba 1928 ya yaɗa sunan salon, harsashi ya kashe shi a wani gidan rawa a Chicago a Maris 1929 yana ɗan shekara 24. Meade Lux Lewis da Albert Ammons tuƙin tasi suka yi, kuma a wajen wankin mota mai farautar makaɗa John Hammond ya gano Lewis. Sai ranar 23 ga Disamba 1938 Hammond ya haɗa Lewis da Ammons da Pete Johnson a zauren Carnegie Hall, a wani taron kiɗa da ya sa Amurka duka ta kamu da son bugi-wugi. Mujallar New Masses, mai alaƙa da jam'iyyar kwaminis, ita ce ta ɗauki nauyin taron bayan wasu sun noƙe. A wancan zamani masu ra'ayin gurguzu na cikin fararen fata ƙalilan da ke yarda su sa kuɗinsu a taron da baƙi da farare za su zauna tare. Wannan kusanci shi ne daga baya aka mayar laifi.

A watan ne kuma wani tsohon mai sayar da takalma, Barney Josephson, ya buɗe gidan rawa na Café Society a New York, inda ba a raba mazauni bisa launin fata. Can Lewis da Ammons da Johnson suka samu aiki na dindindin, can kuma Billie Holiday ta fara rera waƙarta kan kisan gillar da ake yi wa baƙar fata a kudancin ƙasar. Da Holiday ta bar gidan a 1939, Hazel ce ta gaje ta, tana shekara 19.

Salonta shi ne ta soma kiɗan Bach ko Chopin ko Liszt daidai yadda aka rubuta shi, har masu sauraro su natsu, sai a hankali hannun hagu ya fara sauya taku, kafin a ankara kiɗan fadar Turai ya koma bugi-wugi. Wasu masu sharhi sun ga hakan raini ne ga kiɗan gargajiya, wasu masu kishin jaz kuma sun ga wasa ne kawai don burge 'yan kallo. Jama'a dai sun yi ta tururuwa. Faifanta na kamfanin Decca mai suna Swinging the Classics ya samu kasuwa, kuma zuwa 1945 tana samun dala 75,000 a shekara.

Sharuɗɗan da ta gindaya

Shahara ta ba Hazel abin da mafi yawan makaɗa baƙar fata ba su da shi, wato ikon cewa a'a. Ta sa a rubuta a kwantiraginta cewa ba za ta yi wasa a zauren da aka raba baƙi da farare ba, kuma idan ta iso ta tarar an raba, za ta tafi. A Austin ta jihar Texas ta aikata hakan, ta ƙi hawa dandali, har sai da jami'an tsaro suka raka ta ta bar garin. Hujjarta ita ce babu ma'ana mutum ya biya kuɗi ya saurari baƙar mace alhali yana ƙyamar zama kusa da mai irin launinta.

A Hollywood ma haka ta yi. A zamanin da matsayin baƙar mace a fim bai wuce 'yar aiki ko mai raino ba, ta ce ba za ta fito ba sai a matsayin kanta, da sunanta, da tufafin da ta zaɓa. Ta fito a fina-finai biyar tsakanin 1943 da 1945. A ɗaya daga ciki, The Heat's On, akwai fitowar da ta kaɗa fiyano biyu a lokaci guda, ɗaya baƙi ɗaya fari, wadda har yau ake yaɗawa a intanet.

A wajen ɗaukar wannan fim ne ta yi karon da ya rufe mata ƙofar masana'antar. An shirya wata fitowa inda mata baƙar fata ke sallamar mazajensu da za su tafi yaƙi, sai ta ga an shafa wa ƙyallayen girkin da matan suka ɗaura mai da datti da gangan. Ta ce babu macen da za ta raka mijinta bakin daga da irin wannan shiga, ta fice daga wurin. Kwana uku aiki ya tsaya, kamfani na asara, har aka sauya wa matan kaya. Ta yi nasara, amma shugaban kamfanin Columbia, Harry Cohn, ya sha alwashin ba za ta ƙara taka ɗakin ɗaukar fim ba. Bayan fim ɗin Rhapsody in Blue na 1945, ba ta ƙara fitowa a wani fim na Hollywood ba a wancan zamani.

A shekarar ne ta auri Adam Clayton Powell Jr., limamin cocin Abyssinian Baptist da ke Harlem, kuma baƙar fata na farko da ya wakilci New York a Majalisar Wakilai. Auren ya jawo surutu domin ya rabu da matarsa ta farko ne kafin ya aure ta. Ya nemi ta daina wasa a gidajen rawa saboda mabiyansa, ta koma yin rangadin manyan zauruka. Wata biyu bayan auren, ƙungiyar matan da ke da zauren Constitution Hall a Washington ta hana ta wasa a ciki saboda launinta, kamar yadda ta hana Marian Anderson a 1939. Powell ya caccaki uwargidan Shugaba Truman kan halartar liyafar ƙungiyar, aka daina gayyatarsa Fadar White House.

A Fabrairu 1949, a garin Pasco na jihar Washington, ma'aikaciyar wani gidan abinci ta ƙi kawo mata abinci ita da abokiyar tafiyarta. Hazel ta kai ƙara tana neman diyyar dala 50,000. A 1950 kotu ta ba ta gaskiya, aka yanke mata dala 250, ta miƙa kuɗin ga ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata. Wannan ya faru ne shekara biyar kafin Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery.

Littafi mai sunaye 151

Ranar 3 ga Yuli 1950 gidan talabijin na DuMont ya fara watsa The Hazel Scott Show a tashoshinsa, minti 15, sau uku a mako. Tana cikin baƙar fata na farko a Amurka da suka jagoranci shirin talabijin nasu na kansu a irin wannan mataki. 

Sai dai lokacin ya zo da tsoro. A Fabrairun shekarar Sanata Joseph McCarthy ya yi iƙirarin cewa 'yan kwaminis sun cika ma'aikatar harkokin waje. A Yuni yaƙin Koriya ya ɓarke. A watan ne kuma aka wallafa Red Channels, ma'ana jajayen tashoshi, domin ja shi ne launin 'yan kwaminis. Ba hukuma ce ta fitar da littafin ba. Wani kamfani ne mai zaman kansa da tsofaffin jami'an FBI uku suka kafa, wanda sana'arsa ita ce sayar wa 'yan kasuwa bayani kan wanda ya dace a ɗauka aiki da wanda bai dace ba. A ƙarƙashin kowane suna an jera taruka ko ƙungiyoyin da aka ce mutumin ya taɓa halarta ko ya sa wa hannu. Akwai Langston Hughes da Lena Horne da Orson Welles da Leonard Bernstein a ciki. A ƙarƙashin sunan Hazel an jera ƙungiyoyi tara.

Ƙarfin littafin ya dogara ne da yadda ake biyan kuɗin shirye-shirye. Kamfanin sabulu ko na abinci shi ke ɗaukar nauyin shiri baki ɗaya, kuma abin da ya fi gudu shi ne a danganta hajarsa da rigima. 'Yan wasiƙu ko kiran waya kaɗan sun isa. A Agusta 1950 kamfanin General Foods ya cire 'yar wasa Jean Muir daga wani shiri saboda sunanta na cikin littafin, ba tare da ya ce ya gaskata zargin ba. Masu littafin sai su ce ba su kori kowa ba, sunaye kawai suka buga. Kamfani ya ce kasuwarsa yake karewa. Gidan talabijin ya ce babu mai ba da talla. Da haka ake raba mutum da abincinsa ba tare da an samu wanda za a kama da laifi ba.

Hazel ta riga ta ga abin da ya samu ubangidanta. A 1947 kwamitin majalisa mai binciken ayyukan da ake ganin sun saɓa wa Amurka, wanda aka fi sani da HUAC, ya kira Leon, ɗan'uwan Barney Josephson. Ya ƙi amsa tambayoyi, aka ɗaure shi, jaridu suka taso Café Society a gaba har kasuwar gidan ta mutu. Gaban wannan kwamiti ne ta kai kanta.

Ta shaida musu cewa ba ta taɓa zama 'yar jam'iyyar kwaminis ba, kuma mafi yawan ƙungiyoyin da aka jingina mata ba ta ma san su ba. Ta amsa cewa ta goyi bayan Benjamin Davis, ɗan kwaminis baƙar fata da ya yi takarar majalisar birnin New York daga Harlem. Sannan ta juya kan littafin kansa. Ta ce ana ɓata sunan mutane da zargin da ba a tantance ba, ta nemi a samar da hanyar adalci da za a saurari wanda ake zargi kafin a raba shi da aikinsa. Jaridu sun buga labarin. Ranar 29 ga Satumba aka watsa shirinta na ƙarshe.

Paris, da abin da ya biyo baya

Gayyata ta ragu, aure ya fara tangal-tangal, a 1951 ta kwanta da matsanancin ciwon damuwa. Duk da haka, a 1955 ta ɗauki faifan Relaxed Piano Moods tare da Charles Mingus da Max Roach. Babu ado ko burga a cikinsa, kuma masana jaz da dama na ganin shi ne aikinta mafi inganci. A 1957 ta koma Paris da ɗanta, Adam na uku. Gidanta ya zama masaukin makaɗan Amurka baƙar fata da ke neman sararawa. Ta fito a fim ɗin Faransa tare da Jean Gabin a 1958, aurenta da Powell ya mutu a 1960. A Agusta 1963 tana cikin waɗanda suka yi tattaki zuwa ofishin jakadancin Amurka a Paris tare da marubuci James Baldwin, don mara wa gangamin Washington baya.

A daidai waɗannan shekaru gwamnatin Amurka ta gano cewa jaz na da amfani a yaƙin cacar baka. Tarayyar Sobiyet na nuna wa ƙasashen Afirka da Asiya hotunan wariyar launin fata a Amurka, ana buƙatar abin mayar da martani. Wanda ya kawo shawarar a riƙa tura makaɗan jaz ƙasashen waje shi ne Powell, mijin Hazel, bayan ya dawo daga taron Bandung na 1955. Dizzy Gillespie ya fara tafiya a 1956. A ƙarshen 1960, makonni bayan samun 'yancin kan Najeriya, Louis Armstrong ya iso ƙasar nan, har aka ɗauke shi hoto da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Ƙasar da ke tallata kiɗan baƙar fata a Arewacin Najeriya a matsayin shaidar 'yanci, ita ce gwanar wannan kiɗa ta bari saboda ta rasa wurin yi.

Ta dawo Amurka a 1967 ta tarar kasuwa ta sauya, matasa sun koma kiɗan Motown da na rok. Ta ci gaba da wasa a ƙananan gidajen rawa, tana samun 'yan fitowa a talabijin. Ta rasu ranar 2 ga Oktoba 1981 a asibitin Mount Sinai na New York sakamakon cutar daji, tana shekara 61. An binne ta a maƙabartar Flushing, inda kabarin Armstrong yake. Sai a 2008 aka samu cikakken littafin tarihinta, wanda Karen Chilton ta rubuta. Matasa da yawa kuwa ba su taɓa jin sunanta ba sai a 2019, da Alicia Keys ta zauna tsakanin fiyano biyu a bikin Grammy ta ambace ta.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne ga wannan labari. Ranar 8 ga Agusta 1950, mako shida kafin Hazel ta bayyana gaban kwamitin, aka kafa NEPU a Kano. A Yakasai, unguwar da Alhaji Tanko Yakasai, ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar, ke amsa sunanta, da sauran unguwannin cikin birni, dattawa na iya ba da labarin yadda laƙabi kaɗai ke sa mutum ya rasa aiki ko rumfar kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama, har aka kore ta daga Kano. A zamaninmu kuma an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, an dakatar da shirya fim na tsawon watanni a 2007, kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood a 2016.

Waɗannan al'amura ba ɗaya ba ne, kowanne da dalilinsa da masu kare shi, kuma al'umma na da haƙƙin ta yi muhawara kan abin da take so a nuna mata. Tambayar da Hazel ta kai majalisa ta fi wannan ƙanƙanta, ta kuma fi wuyar kaucewa: kafin a raba mutum da sana'arsa, wa ya kawo zargin, ina hujjar, wa ya saurari wanda ake zargi, kuma ina zai ɗaukaka ƙara? Yau ba a buƙatar tsofaffin jami'an FBI da injin ɗab'i. Jerin sunaye a Facebook ko WhatsApp na iya yin aikin Red Channels cikin yini ɗaya, kuma masu turawa kan ce su ma gani suka yi.

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutum uku ne suka kafa kamfanin da ya buga littafin, amma da masu talla da shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin 'yan wasa sun tsaya sun nemi hujja, da littafin bai wuce takarda ba. Kowannensu ya zaɓi ya tsira da nasa. Hazel Scott ta taɓa tsayar da aikin kamfanin fim na kwana uku saboda tufafin matan da ko suna ba a ba su a fim ɗin ba. Da nata lokacin ya zo, babu wani shiri da aka tsayar ko na minti 15 dominta.